Sauyin yanayi da gadon da za mu bar wa jikoki: tambayoyi da amsoshi daga ƙasar Sakkwato

Waɗannan tambayoyi ne da manoma, makiyaya, ɗalibai da matan gida ke yawan yi a ƙasar Sakkwato da maƙwabtanta. An shirya amsoshin domin mai gona, mai garke da mai iyali da ke son sanin abin da ke tafe, da abin da hannunsa zai iya yi a kai.

Mene ne sauyin yanayi? Ai tun fil azal wata damina takan yi albarka, wata ta zo da gardama.

Haka ne, bambancin shekara da shekara tsohon abu ne. Abin da masana ke kira sauyin yanayi shi ne a haɗa lissafin shekara 30, a gwada shi da na shekara 30 da suka gabata, sai a tarar ma'aunin kansa ya gusa. Silar wannan gusawa ita ce iskar kabon da ke fita idan an ƙona kwal, man fetur da gas, da wadda ke fita idan an sare daji an cinna masa wuta. Iskar tana barin hasken rana ya shigo, amma tana tare wani ɓangare na zafin da ƙasa ke mayarwa sama, kamar yadda bargo ke riƙe ɗumin jiki.

Kafin zamanin masana'antu, iskar kabon kashi 280 ce cikin miliyan na iskar sararin sama. Da aka fara auna ta a kai a kai a dutsen Mauna Lowa na Hawayi a 1958, ta kai kusan 315. Yau ta haura 420. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, wato IPCC, ya ƙiyasta cewa daga 2011 zuwa 2020 duniya ta fi ƙarshen ƙarni na 19 zafi da kusan digiri 1.1 a ma'aunin Selsiyos. Shekarar 2024 kuma ta fi duk waɗanda suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi.

Digiri ɗaya kamar ba komai ba ne a kunne. Amma uwar da zafin jikin ɗanta ya tashi daga 37 zuwa 38 da rabi ba ta runtsawa a daren. Kuma adadin ya haɗa har da teku, alhali tudu ya fi teku saurin ɗaukar zafi.

Idan ɓarnar sai nan da shekara 50 ko 100, me ya kai mu damuwa? Na gaba su ji da nasu.

A yi lissafi tukuna. Yarinyar da aka raɗa wa suna a Gwadabawa a 2025 za ta cika shekara 25 a 2050, tana goye da nata ɗan. Idan Allah ya ja kwananta, a 2100 tana da 75. Ke nan na gaban da ake magana suna nan a tsakar gidajenmu, mu ne ke ɗinka musu kayan Sallah. Wani bincike da mujallar kimiyya ta Science ta buga a 2021 ya nuna cewa idan ƙasashe suka tsaya a kan alkawuran da suka ɗauka zuwa lokacin, yaron da aka haifa a 2020 zai sha lokutan matsanancin zafi kusan ninki bakwai na wanda aka haifa a 1960.

Sannan iskar kabon ba kamar hayaƙin murhu take ba, da iska za ta kwashe kafin la'asar. Teku da tsirrai suna shanye kusan rabin abin da ake fitarwa kowace shekara, sauran yana taruwa, kuma wani kaso nasa yakan zauna ɗaruruwan shekaru, har dubbai. Ko da duniya ta daina ƙona mai gobe, zafin ba zai sauko da wuri ba, tsayawa zai yi kusa da inda ya kai. Kowace shekarar jinkiri tana ɗaga wurin tsayawar.

Wanda ya fi kusa da mu kuwa shi ne, duk abubuwan da ke kare talaka daga fari da zafi masu nawa ne. Gawo da kuka da tsamiya sai sun kwashe shekaru kafin a ci moriyarsu sosai. Ƙasar sama mai taushi, wadda gero ke ci, santimita ɗaya nata yakan ɗauki fiye da shekara ɗari kafin ya haɗu, amma iskar bazara da zaizayar ruwa na iya tafiya da shi cikin 'yan shekaru idan gona ta zauna tsirara. Mu kuwa idan an zo rabon gado faɗin gona muke aunawa, ƙarfinta ba ya shiga lissafi. Gonar da ta ba kaka dami ɗari, idan ta koma ba da talatin sannan aka raba ta ga magada shida, sunan gado kawai suka samu. Ga kuma baki yana ƙaruwa: ƙidayar 2006 ta samu mutum kusan miliyan 3.7 a jihar Sakkwato da miliyan 140 a Najeriya, hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ya nuna ƙasar za ta haura miliyan 350 a 2050.

Kakanninmu ma sun ga fari da yunwa. Mene ne sabo?

Sun gani, kuma sun sha wuya. Akwai yunwar 1913 zuwa 1914 da aka yi wa laƙabi da Kakalaba, akwai farin 1972 zuwa 1974, ga na 1984 da manya da yawa ke tunawa. Tafkin Chadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a 1963 ya koma bai fi kashi ɗaya cikin goma na hakan ba a tsakiyar shekarun 1980. Bincike ya danganta wannan dogon fari da canjin ɗumin ruwan tekun Atlantika, wanda hayaƙin farar wuta daga masana'antun Turai da Amurka ya taimaka wajen haddasawa. Daga shekarun 1990 ruwa ya ɗan dawo.

Sabon abu shi ne farin gobe zai sauka a kan ƙasar da ta fi zafi, inda danshi ke tashi da sauri. Sati biyu babu ruwa a 2050 zai fi sati biyu na 1970 cin shuka. Kuma abubuwan da kakanni suka jingina da su sun yi ƙaranci: dajin da ake shiga neman aduwa da magarya da ganye, gonar da ake bari ta huta, rumbun tsimi na shekara biyu ko uku, da burtalin da garke ke bi ya sauka kudu.

To ruwa zai ragu ne a Sakkwato ko zai ƙaru?

Yankin birnin Sakkwato yakan samu milimita 600 zuwa 700 a shekara, yawanci daga Yuni zuwa Satumba, Agusta ne tsakiyar damina. Yawancin hasashen masana kan tsakiyar Sahel, inda muke, yana nuna ruwan shekara zai iya ƙaruwa, musamman a ƙarshen damina. Sai dai yadda yake zuwa shi ne matsalar. Duk ƙarin digiri ɗaya yana sa iska ta iya ɗaukar tururin ruwa da ƙarin kusan kashi 7 cikin 100, don haka idan hadari ya haɗu yakan juye da yawa a lokaci guda. Wani bincike da ya bi hotunan tauraron ɗan'adam, aka buga a mujallar Nature a 2017, ya gano manyan hadurra masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982.

Milimita 80 a dare ɗaya da milimita 80 da aka rarraba cikin sati uku ba ɗaya suke ba a wurin gero. Na farkon yakan bi kan fako ya gangara kwari da taki da iri, ya rushe katangar laka, sannan a wayi gari bayan kwana goma shuka tana yaushi. Mutanen gulbin Rima sun ga fuskokin biyu: ambaliyar Satumban 2010 da ta ci garuruwa da gonaki daga Goronyo zuwa ƙasa, har ta yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da kuma farkon 2018 da ruwan madatsar Goronyo ya janye har hankalin birni ya tashi. Duk wani shiri na nan gaba dole ya ɗauki yawan ruwa da rashinsa tare, wani lokaci a damina ɗaya.

Gero da dawa ai 'yan zafi ne. Ƙarin zafi zai yi musu wani abu?

Suna da juriya, amma juriyar tana da iyaka, kuma mu muna zaune kusa da iyakar. Wuri biyu zafi ya fi yin ɓarna: lokacin tsiro, da rairayi ke ƙona ɗanyen tsiro kafin saiwa ta kama, da lokacin bununi, da zafi ke kashe garin furen, sai zangarniya ta fito da gurbi babu ƙwaya. Masara da shinkafa sukan fara samun wannan matsala idan zafi ya wuce digiri 35 lokacin fure, gero yakan jure har wajen 40. Zafin dare ma yana rage yabanya, don shuka tana ƙona abincin da ta tara da rana. Wani bincike na 2019 ya ƙiyasta cewa ɗumamar da aka riga aka samu ta rage amfanin gero a Afirka ta Yamma da kashi 10 zuwa 20 cikin 100, dawa kuma da kashi 5 zuwa 15, a shekarun 2000 zuwa 2009.

A noman rani alkama ce ta fi shiga haɗari, don sanyin hunturu take so. Wanda ya wuce tsakiyar Disamba bai shuka ba, zafin Maris zai tarar da ita tana cika ƙwaya, ta fito a tsumbure.

Mu da ba mu da manyan masana'antu, laifin wa muke biya?

Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa daga mai da kwal ba. Ɗan Najeriya, a matsakaici, bai kai tan ɗaya a shekara ba, Ba'amurke kuwa ya haura tan 13. Wannan rashin adalci ne, kuma daidai ne a faɗe shi da babbar murya. Amma sare itacen gona, toshe magudanar ruwa da gini a kan hanyar gulbi, waɗannan a hannunmu suke, kuma su ne ke sa ruwa ɗaya ya zama alheri a wani ƙauye, masifa a na kusa da shi.

Malam, ruwa da fari ba ƙaddarar Allah ba ce?

Ƙaddara ce, kuma riƙon sababi yana cikinta. Da Sayyidina Umar ya juya daga shiga Sham saboda annoba, aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake, ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. Annabi Yusuf, alaihis salam, da aka sanar da shi shekara bakwai na fari, shawarar da ya bayar ita ce a yi noma, a bar hatsi a zangarniyarsa, a ci kaɗan. Ya kuma inganta cewa Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Roƙon ruwa da gyaran gona ba sa karo da juna.

Kowace shekara ana bikin dashen itatuwa, amma ba ma ganin dajin. Me ke kashe su?

Yawanci abu biyar ne: dasawa a makare, barin leda a jikin saiwa, awaki, gara, da ranin farko. Wanda zai dasa ya haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 40 zuwa 50 tun kafin ruwa, ya cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki. Ya dasa a Yuli idan damina ta zauna, domin itace ya samu wata biyu yana shan ruwan sama. Na Satumba da wuya ya kai bazara. A yanke ledar, a datse saiwar da ta nannaɗe a gindi, a bar ɗan kwarmi kewaye da itacen, a killace shi da ƙaya. Da rani a ba shi lita 5 zuwa 10 sau biyu a mako, ko a binne tulu a gefensa a riƙa cikawa, ruwan yana tsattsafowa a hankali. Kada a dasa itacen turare kusa da rijiya ko bakin fadama, mashayin ruwa ne. Ranar ƙirga itace kuma ita ce ƙarshen Mayu, a ga nawa suka rayu.

Hanyar da ta fi arha, ta kuma fi samun nasara a ƙasa irin tamu, ita ce sassaben zamani. A ƙarƙashin gonakinmu akwai kututturan sabara, kalgo, gawo, magarya da aduwa masu rai, da tsohuwar saiwa mai zurfi. Kowace shekara suna tofowa, mu kuma muna sassabe su mu ƙone. Maimakon haka:

A zaɓi kututturen da ake so, a bar rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, a cire sauran. A yi sara da kaifin adda daga ƙasa zuwa sama, don dakusasshen ƙarfe ko sara daga sama yana yage ɓawo, cuta ta shiga. A sassaƙe ƙananan rassan gefe zuwa rabin tsayin reshe kawai. Wanda ya aske shi har kai zai samu siririn sanda da iska ko akuya za ta karya. A ɗaura ƙyalle don kowa ya san da mai shi, a riƙa komawa bayan wata biyu zuwa shida. Mai farawa ya bar 20 zuwa 40 a hekta, ya ƙara idan ya ga yadda amfaninsa ke yi.

A yankin Maraɗi aka fara yaɗa wannan dabara a farkon shekarun 1980, kuma an ƙiyasta ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a hekta miliyan 5 a Nijar. Hausawa ne 'yan'uwanmu suka yi, da irin ƙasarmu da irin addarmu. Gawo ya cancanci kulawa ta musamman: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya yi wa gero inuwa, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare.

Gonata ta koma fako, ruwa ba ya shiga. Akwai magani?

Akwai, sai dai aiki ne na gumi. Sunansa tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa da taki, a Burkina Faso kuma ana ce masa "zai", inda manomi Yakuba Sawadogo ya shahara da shi. Manoman Illela ta jihar Tawa a Nijar, ba Illelarmu ta kan iyaka ba, sun ɗauko shi daga can a ƙarshen shekarun 1980, suka farfaɗo da fako mai yawa.

Da rani ake haƙa ramukan, faɗin santimita 20 zuwa 30, zurfin 15 zuwa 20, tazarar kusan mita ɗaya, layi na biyu yana faɗawa tsakanin ramukan na farko. Ƙasar da aka haƙo a tara ta ta ɓangaren gangare domin ta tare ruwa. Kowane rami a zuba masa taki cikin tafi biyu. Gara za ta zo cin takin ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga, a nan gara abokiyar aiki ce. Idan an yi ruwa mai kyau sai a shuka a ciki. Hekta ɗaya yana ɗaukar rami 10,000, taki kusan tan uku, da aikin kusan awa 300, don haka a fara da kwata, ko a yi gayya.

Inda ake kuskure: a jigawa mai rairayi ramin yakan rufta, a kwari mai laka ruwa yakan kwanta ya ruɓar da iri, ɗanyen taki kuma yana ƙona tsiro. A fili mai ɗan gangare ana iya haƙa rami mai siffar rabin wata, faɗin mita huɗu, zurfin santimita 15 zuwa 25, kusan 300 a hekta, bakinsa yana kallon inda ruwa ke fitowa. Idan ba a daidaita ƙahonninsa biyu ba, ruwa zai taru gefe ɗaya ya fasa. Siririn tiyo mai haske da aka cika da ruwa ya isa a auna daidaiton.

Yaushe ya kamata a yi shuka, tunda ruwan farko ya zama mayaudari?

A samu gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya. Bokiti ba ya yi. A ɗaura shi a kan turke mai tsayin mita ɗaya, nesa da itace da katanga, a auna ruwan da rula kowace safiya, a rubuta, a zubar. Ƙa'idar da masana aikin gona ke bi a Sahel ita ce a samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada a samu tsayawar ruwa fiye da kwana bakwai a watan da ke biye. Kashin farko gwangwani zai nuna, na biyun kuma a saurari hasashen hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, wadda ke fitar da na damina a farkon kowace shekara, da na kwanaki a rediyo. A tona ƙasa kuma, danshi ya kai taƙi ɗaya.

Binne yana da riba idan ruwan farko ya yi yawa, amma yayyafin milimita biyar zai tsirar da iri ya bar shi ya mutu. Mai yin binne ya ajiye kashi ɗaya cikin uku na irinsa. Gero irin SOSAT yana nuna cikin kusan kwana 90, akwai kuma wake da gyaɗa masu saurin nuna daga cibiyar bincike ta Samaru a Zariya. Kada a zubar da irin gida saboda su. A raba gona, wani mai sauri wani mai nawa. Kuma idan mutum ɗaya ne ya shuka mai sauri a unguwa, tsuntsayen gari duka a gonarsa za su sauka, gara maƙwabta su haɗa baki.

Mai ƙaramin ƙarfi ya zuba takin NPK cikin murfin kwalbar lemo, kusan giram 6, a kowane rami, a gefe, kada ya taɓa iri. Rami 10,000 kilo 60 ke nan, buhu ɗaya da ɗan ƙari. Bayan girbi, buhun PICS mai rufi uku yana kashe ƙwarin wake ba tare da magani ba, muddin waken ya bushe sarai, ledar ba ta huje ba, kuma an ɗaure kowane rufi daban.

Famfon sola ya sauƙaƙa noman rani. Ruwan ƙasa zai iya ƙarewa?

Zai iya yin nisa har ya fi ƙarfin talaka. Da injin fetur, tsadar mai ce ke sa mutum ya kashe inji. Sola ba ta da wannan birki, sai a bar ta tana zuba daga hantsi har yamma. Injin da ake ajiyewa a saman ƙasa yana zuƙo ruwa ba ya iya jawo shi idan ya wuce zurfin mita bakwai zuwa takwas, don haka ranar da ruwan fadama ya sauka ƙasa da haka, ƙananan masu albasa da tafarnuwa ne za su fara fita, masu kuɗin haƙa mai zurfi su rage.

Kowace ƙungiyar fadama ta zaɓi rijiya biyu ko uku, ta auna zurfin ruwansu da igiya a ƙarshen Oktoba da ƙarshen Mayu, kowace shekara, ta rubuta. Idan na Oktoba yana ƙara nisa shekara uku a jere, ana ɗiba fiye da abin da damina ke mayarwa. A yi ban ruwa da safe ko da yamma, a rufe gindin shuka da ciyawa. Farin ɓawo a saman fangali alamar gishiri ne, maganinsa magudanar da za ta fitar da ruwan da ya wanke shi.

A gida kuma, milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Rufin kwano mai murabba'in mita 50 a shekarar milimita 600 yana karɓar lita 30,000. Ko an yi asarar kashi ɗaya cikin biyar, saura ya kai duro 120. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsu, a rufe tanki saboda sauro.

Makiyayi fa, ina makomarsa?

Zafi yana rage wa saniya ci, nono ya ragu, ƙishirwa ta ƙaru. Babbar saniya takan sha lita 30 zuwa 40 a rana da bazara. Gudali, Uda da jar akuyar Sakkwato an daɗe ana tace su a wannan rana, dukiya ce da bai kamata a narkar da ita cikin irin waje ba tare da lissafi ba. A yanki harawa kafin ganye ya zube, a ɗora ta sama a inuwa. Idan damina ta nuna gazawa, a rage garke tun dabba tana da nama, kafin Afrilu da kowa ke kai ramammu kasuwa. Rikicin manoma da makiyaya yana da dalilai da yawa da suka wuce yanayi, amma toshe burtali da mashaya yana hura shi, kuma tassa da aka ambata a sama ba ta yiwuwa sai da takin garke.

Ni uwargida ce, da itace nake girki. Me zan iya yi?

Hajiya, murhun duwatsu uku kashi 10 zuwa 15 cikin 100 kawai na zafin itace yake kai wa tukunya. Murhun laka da ya rungume tukunya, da ƙofa ɗaya ta itace da tazarar yatsa tsakanin bango da tukunya, yakan rage cin itace da kashi ɗaya cikin uku, wani lokaci har rabi. Idan tazarar ta matse wuta za ta shaƙe, idan ta yi faɗi zafi ya gudu. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta daɗe tana aiki a kan irin waɗannan murahu. Busasshen itace, murfi a kan tukunya da jiƙa wake tun dare duk suna rage wuta. Gawayi kuwa, kilo ɗaya yakan ci itace kilo biyar zuwa goma kafin ya iso gare ki. Ribar farko ma a ƙirjinki da na yaran da ke zaune kusa da hayaƙi take.

Yaya za a kare iyali daga zafin bazara?

A farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, kuma masu binciken yanayi sun ce zafi irin wannan ba zai yiwu ba in ba don ɗumamar duniya ba. Sakkwato da ta saba haura 40 a Afrilu da Mayu ba ta da nisa da wannan. Tsofaffi, jarirai, masu ciki da masu ciwon ƙoda ko zuciya su ne a gaba wajen haɗari, musamman idan dare bai huce ba.

Ɗakin kwano marar silin tanda ne. A sa silin ko zana a ƙarƙashi, a shafa wa rufi farin fenti, a buɗe tagogi biyu masu kallon juna, a dasa dogon yaro ta yamma da ɗaki. Katangar laka mai kauri ta fi bulo siriri riƙe sanyi, magina su daina raina ta. Aikin ƙarfi a yi shi kafin hantsi ya ɗaga. Jaririn da bai kai wata shida ba a ƙara masa nono, ba ruwa ba. Mai gudawa ko wanda ya yi gumi sosai a haɗa masa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda jikinsa ya yi zafi rau, ya fara sambatu ko ya suma, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita a kan hanyar asibiti. Kada a ɗura wa sumamme ruwa.

Gwamnatoci me suke yi?

A yarjejeniyar Paris ta 2015 ƙasashe sun amince a riƙe ɗumamar ƙasa da digiri 2, a yi ƙoƙarin 1.5. Najeriya ta yi dokar sauyin yanayi a 2021, ta kuma ɗauki alkawarin daidaita hayaƙinta nan da 2060, wato abin da take fitarwa kada ya fi abin da ake shanyewa. Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, Sakkwato na cikin jihohi 11 da ya shafa. A taron Masar na 2022 an amince da asusun biyan asara ga ƙasashe masu rauni. Abin da ya dace jama'a su riƙa tambayar wakilansu a kai shi ne na kusa: yashe magudanu kafin Yuni, hana gini a hanyar ruwa, kula da madatsun Goronyo da Bakolori, da sanar da ƙauyukan ƙasa kafin a buɗe ƙofofin dam.

Gonar aro nake nomawa. In raini itace a gonar da ba tawa ba?

Wannan ita ce tambayar da ke kashe aikin a wurare da yawa, don ba wanda zai raini gawo shekara biyar wani ya zo da gatari da dare, ko mai gona ya karɓe ta da zarar ta farfaɗo. Kafin a fara, a zauna da mai gona a gaban mai unguwa ko hakimi da shaidu biyu, a rubuta shekara nawa aron zai yi, wa ke da rassan da aka sassaƙe, wa ke da 'ya'yan itace, da abin da za a ba manomi idan an karɓi gonar kafin wa'adi. Aron da bai kai shekara biyar ba da wuya ya biya wahalar tassa. Gari kuma ya yi dokarsa a kan saran itace mai ƙyalle, da tarar da kowa ya sani, makiyayan da ke sauka a yankin su kasance a wurin zaman. A nemi jami'in gandun daji na ƙaramar hukuma ya halarta, don wasu itatuwan doka ta hana sara ko a gonar mutum, gara a san matsayinsu tun suna ƙanana. Takardar a yi ta kwafi uku, ɗaya ta zauna wurin mai unguwa.